Abin da Radiyya Ta Gani a Lambun Jama'a

Da hantsi Radiyya na zaune kusa da turmi tana tankaɗen garin gero, sai ga yayanta Is'haƙa ya faɗo gidan ba ko sallama, riga a kafaɗa, jijiyoyin wuya a miƙe. Duk wanda ya san Is'haƙa ya san abu ɗaya ne ke tayar masa da hankali haka, wato filin kokawa. Shi ne gwanin kokawar Sabon Birni a yanzu, kamar yadda ubansu Malam Wada ya kasance a zamaninsa. Su biyun sun ɗauki yashin Lambun Jama'a tamkar gadon gidansu, alhali lambun na kowa ne, har da awakin da ke kutsawa ta karyayyar katanga.

"Inna, kin ji abin da saurayin ɗiyarki yaƙ ƙulla?" in ji shi. "Siminti za su zuba muna bisa hili. Wai wurin sulu. Ƙatti da gemu su ɗaura taya ga ƙahwa suna tsere awa 'yan yaye."

Mahaifiyarsu Inna Larai ta ci gaba da firfita wuta. Radiyya ce ta ɗago kai.

"Yaya, ba duk hilin ba na. Gehen yamma kaɗai sunka roƙa. Kuma ka san dalili."

Dalilin kuwa kowa ya san shi. Jamaluddeen, makanikin babura a tasha, wanda aka sa wa rana da Radiyya bayan girbi, yana da ƙane Hafizullahi. Bara yaron ya ɗaura takalmin taya ya riƙe bayan wata mota a kan kwaltar Isa, kamar yadda samarin garin suka koya a waya. Hannunsa ya kuɓuce, babbar motar da ke biye ta bi ta kansa. Tun daga ranar Jamaluddeen ya ɗauri aniyar raba samari da titi. Hana su wasan ba zai yiwu ba, shi kansa gwani ne, don haka ya ce a gina musu wurin sulu a lambu.

Is'haƙa ya sa ƙafa ya shure rariyar, gari ya watse a tsakar gida.

"Ni kika maida wa magana saboda wani?"

Malam Wada ya ɗaga labulen ɗakinsa. Bai dubi garin da ya zube ba, 'yarsa ya duba.

"Ki gaya mishi, ranar mitin da za a yi bisa lambun, in yab buɗe baki gaban uban ƙasa, to ya zo ya kwashi kayanai. Ba ni ba da ɗiya ga mai binne min tarihi."

Radiyya ta durƙusa tana tattara garin da hannu, hawaye na ɗiga a ciki. Tana son Jamaluddeen so mai tsanani, kuma tana tsoron ubanta tsoro mai tsanani.

Maganar ta raba garin biyu. A majalisar mai shayi ana yi, a bakin rijiya ana yi. Dattawa suka ce wasan banza ne na 'yan birni. Iyayen da suka taɓa wanke raunin ɗa suka ce gara siminti da makabarta. Masu sayar da ƙosai a lambun ba su damu da kokawa ko sulu ba, su dai a bar musu inuwarsu.

Ana gobe taro Radiyya ta kira shi a waya ta faɗa masa saƙon Baba.

"Kwantar da hankalinki," in ji Jamaluddeen yana dariya. "Ba ni ko magana. Nuna musu za ni yi, su gani da ido. Ina da filan."

"Wane filan?"

"Sirri na. Ke dai ki zo da wuri ki samu wurin kallo."

Ga filan ɗin: ya gayyato 'yan sulun Isa, waɗanda suka fi na Sabon Birni ƙwarewa, su shigo taron ba zato su nuna gwaninta. Yaro mai hankali, mai gyara injin da ya gagari kowa, amma ya manta garin da yake. A ƙasar nan da 'yan bindiga suka mayar da ƙarar babura alamar mutuwa, ba a yi wa mutane ba-zata da babur.

Bayan la'asar lambu ya cika. Uban ƙasa na kan kujera a gindin dogon yaro, maza a gabansa, mata a can kusa da ƙofa. Malam Wada ya tashi ya yi magana mai zafi a kan kakanni da yashi da ganga. Wani malamin makaranta ya tashi ya ce kakanni ba su san kwalta ba. Aka fara nuna wa juna yatsa. Ana cikin haka sai aka ji ruri daga hanyar Isa.

Babura ne a jere, kowanne da goyon mutum biyu, baƙaƙen kaya, hulunan kwano, fuska a rufe da ƙyalle, jakunkuna masu tsawo a rataye a baya. Wata mata da ta gudo daga Burkusuma da 'ya'yanta ta kurma ihu: "Ga su nan!"

Shi ke nan. Kujeru suka kife, mai goyo ta faɗi a kan mai goyo, kaskon mai ya juye a ƙafar wata yarinya. Mazan da ke da gora da adda suka yi ƙofa da gudu. Babur na farko bai gama tsayawa ba aka kaɗe direbansa da sanda a ƙirji. Aka ja na bayansa ƙasa ana tattaka shi. Jakarsa ta yage, takalman taya suka zubo, amma a wannan lokacin ido ba ya ganin takalmi.

Turereniya ta jefa Radiyya bayan wata bishiya, gab da katanga. Daga nan ta hango Jamaluddeen ya cire hular kwano ya jefar, ya yaye ƙyallen fuskarsa, ya ɗaga hannu biyu.

"Mu na! Jamalu na, jama'a, 'yan wasa na!"

Is'haƙa ne ya iso gabansa da gora mai ƙarfe a baki. Ya tsaya. Ya dube shi sosai, ido cikin ido.

"Na gane ka, Jamalu," ya ce a hankali. "Tashi ka zuba simintin."

Ya sauke gorar a gwiwarsa ta dama. Radiyya ta ji ƙarar ƙashi kamar an karya itacen girki. Jamaluddeen ya zube, Is'haƙa ya ƙara masa a daidai wurin, sannan ya buga masa a ƙeya. Da ya juyo sai idonsa ya faɗa cikin na ƙanwarsa.

Kafin a gane kuskure, samari da yawa na kwance cikin jini. Allah ya sa babu wanda ya mutu. Aka kwashi Jamaluddeen zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma mutanen da suka doki 'ya'yan mutane suna bukatar abin da zai wanke su, sai aka samo shi. Aka fara raɗa cewa Jamaluddeen infoma ne, wai da gangan ya kawo babura don ya gwada wa 'yan daji yadda garin ke kare kansa. Daga bakin Is'haƙa maganar ta fara fita. A Sabon Birni wanda aka liƙa wa wannan suna ba ya kai wa kotu. Har wasu sun fara zagaya asibitin suna tambayar ɗakin da yake.

Uban ƙasa ya sa ranar zama don a ji bahasi. Da safiyar ranar Malam Wada ya kira Radiyya zaure, Is'haƙa na tsaye a jikin ƙofa.

"An ce kina kusa da wurin. In anka tambaye ki, ba ki ga komi ba."

"Baba, na gani."

"Na ce ba ki gani ba."

"Baba, kashe shi za su yi. Yaya ya san ba infoma ba na. Sunanai yak kira kahin ya buge shi."

Is'haƙa ya yi tsalle ɗaya ya shaƙe ta, ya haɗa ta da bango har ƙeyarta ta yi ƙara. Inna Larai ta shigo da gudu ta riƙe masa hannu tana kuka, ya ture ta. Sai da Malam Wada ya daka masa tsawa ya saki. Radiyya ta sulale ƙasa tana tari, leɓenta na jini.

"Wanga jininki na," in ji uban. "Wancan ko aure ba a ɗaura ba. Zaɓi."

Ta rarrafa ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka yanka ni, ba ni ɗaga maka murya. Amma ba ni iya yin shiru a kashe bawan Allah da ƙarya."

Ya janye ƙafarsa ya fita.

A gaban uban ƙasa Is'haƙa ya rantse cewa fuskar Jamaluddeen a rufe take. Mutane suka gyaɗa kai, don kowa na son ya zama haka. An aika asibiti a ji ta bakin Jamaluddeen, ya ce bai tuna wanda ya buge shi ba. Radiyya ta san ya tuna sarai, ita yake wa kara, kuma wannan karar ce za ta kai shi kabari. Ta miƙe daga cikin mata.

"Ranka shi daɗe, ina da magana."

Ta faɗi komai: yadda ya cire hula, yadda ya ɗaga hannu, da kalmomin da yayanta ya furta. Ta zame mayafi ta nuna shatin yatsu a wuyanta. Sai wani mai gora da ke kusa da ƙofa a ranar ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya ji Jamalu na faɗin sunansa. Is'haƙa ya zaburo mata, maza suka danne shi a ƙasa yana kumfar baki. Aka miƙa shi ga hukuma.

Malam Wada ya tsaya a tsakiyar jama'a ya nuna ta da sanda.

"Kowa shi shaida, ba ni ba ke."

Gwaggonta Saudatu ce ta ɗauke ta zuwa Kamarawa. Can ta yi damina cikin baƙin ciki, ba aure, ba gida. Duk Juma'a sai ta dama fura ta ba masu babur su kai wa Baba, duk Juma'a a dawo mata da kwanon a rufe yadda ta aika. Gwaggo ta ce ta daina wahalar da kanta. Ta ce ubanta ne, kuma ba ta daina ba. Ko sau ɗaya ba a ji ta zagi Is'haƙa ba, kullum sai dai ta roƙa masa shiriya.

Da Jamaluddeen ya fara tashi da sanduna, wurin da ya fara zuwa shi ne gaban hukuma. Likita ya riga ya gaya masa gwiwar ba za ta sake lanƙwasuwa ba, shi da takalmin taya har abada. Duk da haka ya ce ya yafe, ya roƙi a saki Is'haƙa. Abokansa suka ce ya haukace.

"Ƙane guda niy rasa bisa wagga magana," ya ce musu. "Ba ni son Radiyya ma ta rasa yayanta."

Bayan an girbe gero, wata rana da azahar, Radiyya na sussuka a ƙofar gidan Gwaggo sai ta ga babur ya tsaya. Malam Wada ya sauko, ya tsufa a cikin 'yan watanni. Ta saki taɓarya ta durƙusa. Ya dube ta ya ce:

"Yayanki ya dawo gida. Ya zauna gabana ya hwaɗi komi da bakinai, yana kuka awa yaro. Da kin bi maganata, da yanzu ɗana mai kisan kai na, ni ko ina ɗauke da alhakin. Tashi mu tahi gida, ɗiyata."

Radiyya ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

An ɗaura auren a cikin watan, Malam Wada da kansa ya yi walicci. Maganar lambu kuwa an daidaita ta a zaman da bai kai shan shayi tsawo ba: yamma ta 'yan sulu, gabas ta 'yan kokawa. Abin da aka ƙi yi da baki tun farko, sai da ƙafar mutum ta tafi aka yi shi.

Samari da 'yan mata, ku riƙe wannan. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai ga rufa wa zalunci asiri ba. Wanda ya faɗi gaskiya da ladabi, ya jure abin da ya biyo baya ba tare da ya yanke zumunci ba, Allah ba zai bar shi ya taɓe ba. Kuma fushin da mutum ya ɓoye a cikin taro, akwai idon da ke kallonsa.

Har yau in ka ga Jamaluddeen da Radiyya za su gaida Baba, za ka ga yana jan ƙafar dama, ita kuma tana tafiya a hankali a gefensa. Da can mai sauri ce, amma ta koyi tafiyar mijinta.