Tsiro Ɗaya a Rami

A wani ƙauye kusa da Gezawa akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai taurin kai. Babanta ya rasu bara. Ya bar irin wata farar masara da babu mai ita a ƙauyen. Ƙwari sun ci, saura cikin tafi biyu. In wannan ya lalace, irin ya ƙare ke nan.

Da ruwa ya sauka, yarinyar ta ce ita za ta shuka. Innarta, Luba, ta ba ta kunya huɗu a bayan gida. Ta zuba biyar-biyar a kowane rami, duk suka tsiro.

Inna ta zo ta duba. Ta ce, "Cire huɗu, ki bar ɗaya."

"Ba zan cire ba. Masarar Baba ce."

"Shi ma ɗaya yake bari."

"To, uku."

"Ɗaya."

"Biyu, Inna. Daga nan ba na sauka."

"Ke, ni za ki yi wa ciniki?" Inna ta gyara ɗaurin zane. "Gonarki ce. Yi yadda kika ga dama."

Yarinyar ba ta cire ko ɗaya ba.

Bayan sati biyu ganyen ya yi rawaya, karan kamar tsinken tsintsiya. Ta je wajen Malam Sama'ilu, mai koya musu noma.

"Malam, rashin taki ne, ko?"

"Ku nawa ne a bencinku?"

"Uku."

"In na ƙara miki biyu, za ki iya rubutu?"

Ta tuna da biyar-biyar ɗin da ke kowane rami. Can ta ce, "Na makara?"

"Wasu za su tashi. Amma ki rage su yau, ba gobe ba."

Tana komawa gida ta durƙusa a kunya, tana cirewa tana share hawaye. Inna ta matso za ta taya ta.

"Bari, Inna. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Kunya biyu suka mutu. Biyu suka farfaɗo, suka yi goyo manya-manya. Da kaka yarinyar ta zaɓi masu kyau, ta rataye su a madafa inda hayaƙi zai kori ƙwari. Irin Baba ya tsira.

Yara, son abu ba shi ne ƙanƙame shi duka ba. Kuma in babba ya ce a rage, ku tambayi dalili kafin ku ce a'a.