Takabar Wa Kike Yi?

Inna na ajiye jakarta a falo ta ƙare wa matar ɗanta kallo. Ɗankwali ya zame, ga gashi nan a tsefe.

"Ke, wata biyu kanki ba kitso! Takabar wa kike yi? Ɗana dai ga shi nan da ransa!"

Auta, ɗan nata, ya sunkuyar da kai. Ya san dalili sarai. Kansar mama ce ta kama matarsa. Duk ranar kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, nas kan jiƙa mata kai, ta ɗaura mata hular sanyi mai kamar ƙanƙara, don kada maganin ya zubar da gashin. Haƙoranta na kaɗawa take daurewa. An hana ta kitso, an hana jan gashi. To amma da wane baki zai ambaci nonon matarsa a gaban mahaifiyarsa?

"Inna, ai... sitayil ne yanzu."

"Sitayil ɗin gidanku! 'Yar nan, miƙo kibiya, zo ki zauna."

Matar ta dube shi, shi kuwa ya dubi wayarsa. Ta durƙusa a gaban Inna, don ba a yi wa suruka musu.

Inna ta tsaga, ta kama, ta ja, sai ga curin gashi a tafinta!

Matar ta shiga tsince gashin daga cinyar tsohuwar, tana hawaye. "Yi haƙuri, Inna, na ɓata miki zane."

Maganar nan ce ta karya Auta. Ya zube ƙasa. "Inna, kansa ce! A... a nononta. Saboda gashin nan take shan azabar sanyi, ni kuma kunya ta hana ni faɗa."

"Kunya? Ni da na shayar da kai?" Inna ta rungume matar, ta fashe da kuka. "Yafe mini, 'yata!"

Tun daga nan Inna ce mai rakiya asibiti, da bargo, tana murza mata yatsu har a cire hular. Allah ya ba da sauƙi, gashi ya tsira, sai gurbi ɗaya bayan kunne, inda Inna ta ja ran nan. Duk kitson da Inna ta yi, tsagar sai ta kauce masa. Kullum Auta na ganin karkacewar nan.

Kunya ado ce, amma wadda ta sa ka yi shiru ana cutar naka, sunanta tsoro.