Koren Mayafin Umma

"Ɗan fim? A gidan nan kuma? Ummussalma, kina da hankali kuwa?"

Umma ta dangwarar da tiren shinkafar da take tsincewa, har ta watse a kan tabarma.

"Umma, Abdulmannan ne fa... yaron Baba..."

"Shi ya fi ƙona min rai ai! Na auri darakta, na ga yadda ake yi. Ranar sunanki ubanki yana can garin Guri yana ɗaukar masunta a fim. Ba za ki maimaita rayuwata ba!"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannuna.

Babana, marigayi Malam Tasi'u, a bayan kyamara ya yi ƙuruciyarsa, a nan kuma ya yi furfura. Ya fara da wasan kwaikwayo na talabijin tun lokacin da unguwa guda ke cika tsakar gidan mai akwati ɗaya, daga baya ya koma finafinan kaset. Abokan sana'arsa duk sun tare a Kano, shi kuwa ya kafe a Haɗeja, wai labarin da ba ya ƙamshin kogi bai nuna ba. Masunta da manoman shinkafa su ne 'yan wasansa. Kuma ba ya kai fim ko'ina sai ya fara haska shi da majigi a ƙauyen da aka ɗauke shi.

Kowa ya kalli aikinsa, ban da Umma. Tun ina ƙarama, da zarar an kunna fim ɗin Baba sai ta tuna tana da wanki.

Abdulmannan kuwa shi ne mai riƙe masa kyamara a shekarunsa na ƙarshe. Da Baba ya rasu bara, ya yi kukan da har sai da ni na koma rarrashinsa. Daga rarrashi aka shiga gaisuwar waya, daga gaisuwa kuma... to, kun dai sani.

Da yamma ya kira ni.

"Salmata, muryarki ta canja. Kin yi kuka?"

"Umma ta ce a'a."

"Ban ga laifinta ba. Ki ba ni zuwa Asabar, ranar da za mu yi taron tunawa da Malam a Auyo. Ki dai san yadda za ki kawo ta."

"Umma? Wurin majigi? Masoyi, ka taɓa ganin kifi ya hau bishiya?"

Ya yi dariyar nan tasa mai sanyaya min zuciya.

"Ki yi addu'a kawai, hasken idona."

Ashe Yaya Mukhtar ne zai yi mana aikin! Ɗan yayan Umma ne, dillalin shinkafa, ya daɗe yana min sintiri da turaren da ke riga shi shigowa gida. Ranar Asabar da la'asar ya faɗo falo yana haki.

"Gwaggo, kin san yaron nan ya kwashe kasakasan marigayi? Yau zai haska a Auyo, gobe ya wuce Kano ya sayar!"

Umma ta juyo kaina.

"Ke kika ba shi?"

"Ni ce, Umma, amma wallahi ba..."

"Ɗauko min hijabi! Mukhtar, tada mota. Da hannuna zan karɓo kayan mijina."

Muka isa bakin kogi ana idar da sallar magariba. Jama'a maƙil, wasu a tabarmi, wasu a cikin kwalekwale. An ɗaure farin zani tsakanin sandunan tuƙi guda biyu, daidai yadda Baba yake yi. Wani tsoho yana ba da labarin ranar da Baba ya sa shi jefa taru tun safe har azahar, wai ruwan bai watsu yadda yake so ba. Mutane na ta ƙyaƙyata dariya suna cewa Allah ya jiƙan Malam.

Umma ta ratsa su kai tsaye. Abdulmannan na ganinta ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Umma."

"Riƙe gaisuwarka. Ina kasakasan?"

"Ga su nan a kwali, ko ɗaya bai ɓata ba. Alfarma ɗaya nake roƙo... ki ɗaga kai ki dubi zanin can."

Kafin ta buɗe baki, majigi ya haska.

Ba fim ɗaya ba ne, guntaye ne ya tsinto daga kowane aiki na Baba ya jera su. Ga kwalekwale yana ƙetare kogi, da koren mayafi ɗaure a sandar tuƙi. Ga tsakar wani gida, koren mayafi a kan igiyar shanya. Ga mai tallar fura ta gifta a kasuwar kifi, shi ne a kanta. Ga amarya, ga mai jego, ga tsohuwa a gonar alkama. Hoton ya tashi daga dishi-dishi ya koma tar, 'yan wasa suka tsufa, mayafin yana nan.

Na ga hannun Umma ya kama bakin hijabinta.

"Wannan ai... nawa ne."

"Naki ne, Umma," in ji Abdulmannan. "Malam ba ya rufe ɗauka sai mayafin nan ya shiga. Mun taɓa kaiwa har Guri muka juyo saboda an manta shi. Cewa yake, in babu Asabensa a ciki, ba fim ɗinsa ba ne."

Sai kawai Umma ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Maƙaryaci! Ce min ya yi ya ɓata!"

"Umma, wane mayafi ne?" na tambaya.

"Ranar da ya fara ganina ne. Ina cikin kwalekwale, iska ta fizge shi ya faɗa kogi. Ubanki ya yi tsalle ya bi shi, alhali ko a kwatami bai iya ruwa ba! Masunta suka tsamo shi yana aman ruwa, mayafin na damƙe a hannunsa."

Tsohon nan mai taru ya ɗaga hannu daga tabarma.

"Ni na kamo ƙafarsa, Hajiya!"

Wurin ya kaure da dariya da tafi. Yaya Mukhtar ya matso yana gyara hula.

"Gwaggo, zancen sayarwar fa..."

"Mukhtar, je ka duba motarka."

Ya sulale ya tafi, turarensa ne kawai ya daɗe bai bar wurin ba.

Abdulmannan ya zuge jakar kyamara, ya ciro mayafin a ninke. Ya koɗe, gefensa duk ɗinki. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Umma ta daɗe tana shinshina shi. Ni kuwa na zuba mata ido, don na san yanzu ne za a yanke min hukunci.

"Kai," ta ce, "ka iya ruwa?"

Ya sosa ƙeya.

"Gaskiya... a'a, Umma."

"Na sani ai, duk halinku ɗaya! To ka koya kafin biki, ba zan ba da 'yata ga wanda za a tsamo da taru ba."

"Umma!" Na ƙanƙame ta ina kuka ina dariya, matan da ke kusa suka rangaɗa guɗa.

Ta warware mayafin ta yafa min a ka, ta raɗa min a kunne.

"Kar ki yi irin tawa, Salma. Duk abin da ya ɗauko, ki zauna ki kalla."

Daga nan ta janyo tabarma ta zauna a sahun gaba, ta miƙe ƙafa.

"Abdulmannan, ɗana, sa min na farkon. Daga farko nake so, kuma kar wanda ya tashe ni."