Mai Asusun Ɗakin Sanyi

Ku rage surutu. Wannan a kan Nafi'u ya faru, abokin aikina a wani asibiti.

Akwai manhajar da ke lura da duk na'urorin asibitin, har da firijin jini. Da wani asusu take shiga aikinta, asusun da ba na kowa ba ne. Duk wata uku ake canza masa kalmar sirri. Malam Tukur, wanda ya kafa shi, in zai canza sai ya yi sallama a ɗakin sabar, inda manyan kwamfutocin suke, ya faɗi sabuwar kalmar a fili. Nafi'u dariya yake masa. Ga rawar kai, ga raina manya.

Da tsohon ya yi ritaya, Nafi'u ya canza kalmar daga teburinsa, ranar Juma'a, rana tsaka.

Nan take manhaja ta tsaya. Kalmar sirri ba daidai ba, in ji allo. Nas ta bugo waya cewa ba a ganin sanyin firiji, in abin ya daɗe likita zai hana amfani da jinin, ga mai naƙuda tana jira. Kowa ya tafi masallaci.

Ya ruga ɗakin sabar, ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar yadda aka saba. Ya gwada kalmar, ta ƙi. Ya sake, asusu ya kulle. Gumi yake yi cikin wannan uban sanyi.

Sai ƙamshin turaren wuta.

Wani dattijo na tsaye a bayansa. Ƙofar sai da zanen yatsa take buɗewa, kuma ba ta yi ƙara ba.

"Yaro, ka canza kwaɗo."

"Baba, daga ina?"

"Ba ka ba ni makulli ba."

Muryar daga cikin fankokin kwamfutocin take fitowa. Nafi'u ya saci kallon ƙofa. Takalminsa kaɗai. Ya sunkuyar da kai, ya ga kofato biyu a kan tayil.

Tsoro ya kama shi har ƙashi. Waya ta sake ruri a aljihunsa. Ya yi sallama, ya buɗe asusun, ya sa kalmar a saitin manhajar, inda ya manta bai sa ba, ya kuma faɗe ta a fili.

Allo ya koma kore. An sa wa matar jini, ta haihu lafiya.

Amma dattijon ya bar masa tukuici: Nafi'u ba ya iya manta kowace kalmar sirri, kuma ba ya iya riƙe ta a ciki. Tana zuwa masa, sai ya faɗa a fili, ko a kasuwa. Dole ya bar aikin.

Yanzu bibbiyu muke shiga ɗakin, da sallama. Ko ana biyanku, kada ku shiga ku kaɗai.