Abin da Aka Liƙe Cikin Bango

Ana gab da kiran magariba, Lantana na kwashe tuwo a tsakar gida, mijinta Sallau na alwala, sai aka ji wata ƙara daga ɗakin ɗiyarsu Taiba, kamar an keta sabon yadi. Kaji suka yi tsit. Sallau ya shiga da fitila. Bangon da aka gyara kwanan nan ya sake tsagewa, daga sama har ƙasa.

Gidan na cikin waɗanda aka gina wa ma'aikata a Talata Mafara lokacin aikin madatsar Bakolori. Bangayen ciki ba na bulo ba ne, fararen alluna ne da ake jerawa, a liƙe mahaɗarsu da tef, a shafe da farin kwaɓi. Sallau direban babbar mota ne, bai taɓa sakin jiki da bangon da ke amsawa kamar ganga in an ƙwanƙwasa shi ba. Zarginsa ya sauka kan Falalu magini, wanda ya yi gyaran.

"Tef na raga ka sa mani don ya fi sauƙin liƙawa," ya ce masa a bainar jama'a. "Ha'inci ne."

Falalu ya koma ɗakin. Ya kankare tsohon aikin, ya shimfiɗa kwaɓi, ya ɗora tef na takarda wanda ya fi riƙe tsaga, ya bi shi da ƙarfen shafe yana matsewa har ya kwanta. Wannan karon bangon ya riƙe.

Daga ranar ne aka fara jifa. Da rana ta faɗi, duwatsu su riƙa sauka kan kwano, jiƙaƙƙu, da gansakuka a jikinsu. Sallau ya ce Falalu ne ke ramuwa. Ya zargi maƙwabta, har Lantana ya fara yi wa kallon tuhuma. Ita kuwa Taiba ta daina cin abinci. Sai ta zauna ta manna kunne a mahaɗar nan, tana ƙarzar ta da farce har jini.

"Malam," Lantana ta ce da Sallau cikin raɗa, "wagga murya ba ta ɗiyata ba ce."

Aka ɗauko Malam Mamuda daga Dosara. Ya zauna gaban yarinyar ya daɗe yana karatu, ɗakin ya yi nauyi, har wuyanta ya sanƙare.

"Wace ce ke?"

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin Taiba. "Ƙarƙashin tsamiya muke a Maradun. Ruwan madatsa ya ci gidanmu. Motar wanga mutum muka biyo, cikin allunan da ya ɗauko."

Sallau ya tuna, shi ya ɗauko allunan gidan nan a motarsa. Muryar ta ci gaba.

"Tsagar ga ƙofata ce. Kun liƙe mani ɗa ciki. Na riƙe taku."

"Irinku ba su rasa ƙarya," in ji Malam.

"Buɗe ka gani. Amma ku bar mani ɗakin."

"Ko taki ɗaya ba ki samu. Ɗanki kawai, ki nufi duwatsun bayan ruwa."

Ta yi kuka, ta yi barazana. Malam ya ɗaga murya da karatu har ta rantse za ta tafi. Sannan ya miƙa wa Sallau wuƙa. Sallau ya keta tef ɗin. Wata iska mai sanyi da warin laka ta fito, ruwa ya gangaro daga busasshen bango. Taiba ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube. Da ta farka, fura ta nema.

Sallau ya je ya ba Falalu haƙuri a inda ya ci mutuncinsa. Falalu ya yafe, amma ya ce shi da ɗakin nan har abada. Dole Sallau ya kwaɓa da kansa, da rana tsaka. Ya liƙe tun daga sama, har saura ɗan taki. Nan ya tsaya, ya kai bakinsa ga tsagar, ya yi sallama.

"Akwai saura ciki?"

Ya daɗe a durƙushe yana saurare, kwaɓin na bushewa a hannunsa.