Wadda Na Goyo a Hanyar Bodinga

Sati guda ina zirga-zirga tsakanin Shagari da filin jirgi saboda tafiyar Inna aikin Hajji. Yau a ce za su tashi, gobe a ce jirgi bai iso ba. Ɗinkin mutane ya taru a shago, ni kuwa na koma ɗan acaɓar dole. Wallahi na gaji.

Ranar Talata bayan la'asar aka shigar da su. Wani ma'aikaci ya ce mini Sakkwato zuwa Madina awa biyar ne da ɗoriya, kuma kada in wahalar da kaina da waya sai sun sauka. Na ji ƙarar jirgi ya ɗaga, na hau babur na kama hanya.

Na wuce Bodinga ana kiran magariba. Can gaba, bakin wata gonar gero, sai ga Inna tsaye da atamfar alhazai da jakarta.

Raina ya ɓaci. Ko tunanin yadda ta riga ni zuwa nan ban yi ba. Ta ce an sake sauke su, ni kuwa na yarda, don an saba. Na goya ta, ina ta faɗa, ina cewa wannan wulaƙancin da ake yi wa tsohuwa ya isa.



Babur bai ji nauyinta ba ko kaɗan. Maimakon ƙamshin man zafin da take shafa wa gwiwa, warin taɓon fadama nake ji. Kwaɗi suka yi tsit.

Ta matso da baki kusa da kunnena. "Daga nan zuwa Madina awa nawa na?"

Na ce biyar.

"To da sauran lokaci. Karya kwana mu bi fadama, Zayyanu."

Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "wancan".

Hannunta ya zagayo cikina, sanyi ƙalau. Kan babur ya fara juyawa da kansa.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena na sarƙewa. Na saki babur, na faɗa gefen titi, na tashi da gudu ban waiga ba. Wata motar albasa ce ta kwashe ni.

A gida na zauna riƙe da waya, ban iya gaya wa matata Nusaiba komai ba. In Inna ba ta cikin jirgin nan, tana ina?

Daga baya wayar ta yi ƙara. Inna ce, sun sauka lafiya. 

"Kai wancan, wa kag goyo? Barci ya ɗauke ni a jirgi, nig gan ka da wata sanye da kayana. Ina son in kira sunanka, kunya ta hana ni."

Washegari na je na ɗauko babur ɗin, na sayar. Wanda ya saya ya dawo yana mita, wai kujerar baya ba ta bushewa.