Dutsen Bakin Ƙofa a Gidan Pei

Ran da tsakuwar farko ta faɗo a kan rufin gidan Pei, suna cin abincin yamma ne su uku, ba mai yi wa wani magana. Pei Songlin, manomin ganyen shayi, yana gefe guda. Mahaifiyarsa, tsohuwa Duan, tana ɗaya gefen. 'Yarsa Yalan, mai shekara goma sha tara, ta sa kwanon shinkafa a gaba tana jujjuya ta da tsinken cin abinci. Wata bakwai ke nan da rasuwar Meizhu, matar gidan, kuma tun daga lokacin haka suke zama.

Tsakuwar ta gangaro a hankali ta faɗi a tsakar gida. Wata ta biyo ta.

"Birai ne," in ji tsohuwa.

Ba wanda ya tashi ya duba. Rana ta gama faɗawa bayan tsauni. Can sai suka ji ƙarar tsintsiya daga bayan bangon madafi, shara a tsanake, irin ta wanda ya saba da wurin.

A da akwai ƙofa a wannan bangon, mai kallon tsauni. A bakinta Meizhu take zama tana tsince ganyen shayi. Bayan an binne ta, Songlin ya hau tsauni zuwa kufan tsohon gidan zuhudu na mata, wanda aka rushe tun shekarun hargitsi, ya jawo wani faffaɗan dutse, ya jingine shi a ƙofar, ya liƙe da laka. Bai yi shawara da kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi dalili.

Kwana tara ana jifa, kullum daidai faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina bi ta ƙofar gidan. Mutanen gidan kuwa suka saba da abin kamar yadda ake sabawa da yoyon rufi. Songlin yakan tattara tsakuwoyin da safe ya zubar a rafi.

A rana ta goma Yalan ba ta dawo daga gona da kwandonta ba. Da yamma kakarta ta same ta a madafi, ta yanke gashinta kaf da almakashin yanka shayi, tana share gindin bangon da aka toshe. Ba datti a wurin. Ta ci gaba da shara har tafin hannunta ya sale. Ta daina cin nama. In an kira sunanta ba ta waiwayowa.

"Ke, Yalan, me kike sharewa?" kakar ta tambaye ta.

"Ganye ya zubo," ta amsa, da wata murya ta tsohuwa wadda haƙoranta suka zube. "Ba a barin ganye a bakin ƙofa."

Tsohuwa Duan ta ja da baya har ta ci karo da randa. Washegari da sassafe ta tsaya a kan ɗanta.

"Je ka kira mai ƙwal-kwabon nan."

Songlin ya ɗaga kai. Shekara ashirin da shida ke nan rabon da uwar ta ambaci yayarsa, tun ranar da ta aske kanta ta shiga gidan zuhudu a ƙetaren kwari, ta ajiye sunan da aka raɗa mata ta karɓi Rujing. A can ta koyi fanshui, ilimin iska da ruwa, wurin wani tsohon malami, har mutane suna zuwa daga nesa ta duba musu inda za su kafa gida ko su haƙa kabari.

Ta iso da la'asar cikin riga mai ruwan toka, da jaka a kafaɗa. Ta rusuna wa uwarta.

"Kin rame," in ji tsohuwa. "Ashe ciyawa ba ta sa ƙiba."

"Ke ma da kike cin alade ban ga inda kika ajiye shi ba, Inna."

Iyakar gaisuwarsu ke nan. Rujing ta fito da faifanta na katako mai allurar nuna kudu da arewa a tsakiya, ta tsaya a ƙofar gaba, ta tsaya a tsakar gida, ta zagaya baya. Ta daɗe tana kallon tsauni, ta kalli rafi. Da ta shiga madafi allurar ta yi ta rawa ta ƙi tsayawa.

"Gidan nan yana shaƙar iska, ba ya fitar da ita," ta ce wa ƙanenta. "Wa ya toshe nan?"

"Ni ne, Yaya."

"A ina ka samo dutsen?"

Ya faɗa mata. Ta shafa fuskar dutsen, ta ji wani kwarmi mai santsi a tsakiyarsa, inda ƙafafu suka cinye shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kunna turaren tsinke uku, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafafu, tana jira.

Da rana ta kusa faɗuwa jifa ya fara. Yalan ta fito daga ɗaki a duƙe, tana jan ƙafar hagu, ta ɗauki tsintsiya. Rujing ta ƙwanƙwasa ƙaramar ƙararrawa sau ɗaya. Tsintsiyar ta tsaya.

"Shifu," Rujing ta ce, kamar yadda ake kiran manya a gidan zuhudu, "ƙaramarki tana gaisuwa. Wace ce ke?"

Yarinyar ta juyo. Idanunta a buɗe, amma ba ita ce a cikinsu ba.

"Dingyue, mai tsaron ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya ina share dutsen nan. Da masu rushe gidan suka zo da guduma kowa ta gudu, ni na zauna a kansa. A kansa sanyi ya same ni har na mutu. Ba wanda ya hau ya duba."

"Ƙanena ya yi kuskure. Za a mayar da shi inda yake."

Wata busasshiyar dariya ta fito daga bakin Yalan.

"Inda yake? Ƙaya ce da macizai. Ƙofa ba gida. Nan ya fi mini. Yarinyar nan na same ta fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ban ture kowa ba, shiga kawai na yi. Ku bar mini ita. Na riga na aske ta."

Tsohuwa Duan ta dafe bango. Songlin yana tsaye, hannuwansa a sake, kamar ana maganar 'yar wani.

"Kin fi ni sanin doka, Shifu," in ji Rujing. "Ba a aske wadda ba ta roƙa da bakinta ba. Ta roƙe ki?"

Turaren ya ci rabi.

"Ba ta ce a'a ba."

"Ba ta ce komai ba. Ki sake ta. A gidanmu mu goma sha huɗu ne, ƙofar madafinmu ba ta da dutse. Zan sa naki a can. Zan rubuta sunanki a allon magabata, a riƙa kiran sa safe da yamma. Ni zan riƙa sharewa."

"Ke? Kin iya shara?"

"In ban iya ba ki jefe ni."

Kan yarinyar ya karkata a hankali zuwa ga Songlin.

"Shi ya ɗauko. Shi zai kai, a bayansa, ba a kan amalanke ba. Kuma shi zai ɓalle shi da hannunsa, yanzu, ina kallo."

Songlin bai motsa ba.

"Yaya, kujerar Meizhu tana can baya," ya ce a hankali. "Da takalmanta. Yadda ta bar su."

"Na gan su da na zagaya," in ji Rujing. "Ruwan sama ya ci su. Ɗauko gatari."

Ya ɗauko. Ya yi ta saran lakar har dutsen ya kwanta da wani nauyin sauti. Iska mai ƙanshin jiƙaƙƙen ganye ta shigo, ta kwantar da hayaƙin turare, ta wuce ta ƙofar gaba. 'Yar kujerar tana nan, ta yi baƙi, gansakuka ya fito mata a ƙafafu. Ya kalle ta. Fuskarsa ba ta canza ba.

Yalan ta taka dutsen, ta sa ƙafa a cikin kwarmin, ta jingine tsintsiya a bango, bakin tsintsiyar a sama. Sai ta sulale. Kakarta ce ta tare ta. A rufi ba abin da ya ƙara faɗowa.

Ta yi barci har hantsi. Da ta farka ta sha kunun shinkafa, ta kalli hannuwanta.

"Goggo, za ta dawo?"

"A'a."

"To," in ji Yalan. Can ta ƙara da cewa, "Da tana ciki ban tuna Mama ba ko sau ɗaya. Na huta."



Kwana biyu bayan haka Songlin ya ɗaure dutsen da igiya ya goya. Tafiyar rabin yini ce, ta ci musu yini guda, don sai ya sauke ya huta a kowace kwanar hanya. Yalan ta bi su ba tare da an ce ta zo ba. A gidan zuhudu matan suka fito suka yi layi, aka kwantar da dutsen a bakin madafi, aka yi karatu, aka buga babbar ƙararrawa. Yalan ta tsaya tana kallon tsakar gidan, a share tas, ba hayaniya, kowa da askakken kai irin nata.

"Goggo, in zauna?"

Songlin ya ji. Ya duƙa yana naɗe igiyarsa, bai ɗago ba.

"A'a," in ji Rujing. "Nan ba maɓoya ba ce. Wadda ba ta jin komai ba ta da abin da za ta bari. Je ki gida ki yi kukan uwarki. In kin gama, kina kuma so, kin san hanya."

Suka gangaro, uban a gaba, 'yar a baya. Sun kusa rafi ta lura rigarsa ta manne da bayansa, igiya ta yanke shi a kafaɗu biyu, jini ya bushe har ƙugu.

"Baba, kana jini."

Ya kai hannu ya taɓa, ya duba yatsunsa.

"Ban ji ba," ya ce.

"Zauna in wanke maka."

Ya zauna a bakin ruwa. Ta jiƙa ɗankwalinta ta fara ɓamɓare rigar daga fatar a hankali. Da ruwan sanyi ya taɓa ciwon sai ya ja numfashi ta haƙora, ya damƙe ciyawa.

"Yanzu na ji," ya ce.